Daga Zoza Zuwa Kumasi, Kwatano Da Sabha: Yadda Hanyar Cin Rani Take Sauyawa

  Yau babu baƙo a shirin, ni kaɗai ne, kuma maganar ta gidanmu ce, don haka ku yi haƙuri idan kun ji na ɗan zurfafa.

Makonni uku da suka wuce na je gida Zoza, can ƙaramar hukumar Rogo. Bayan sallar isha'i sai ƙanina, yaro ɗan shekara 22, ya ja ni bayan rumbu ya ce, "Yaya, ina so ka sa baki wajen Inna. Rabona na fadama zan sayar, Libiya zan tafi."

Na ce, "Ta ina za ka bi?"

Ya lissafo min kamar mai karatun allo: Kano, Daura, Kwangwalam, Damagaram, Agadas, sai Sabha. Na ce takardu fa? Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai ECOWAS ce, ba biza."

Wannan kalmar ita ta hana ni barci a daren, kuma ita ta haifi shirin yau. Domin wallahi ba shi kaɗai ba ne. Samari da yawa suna ɗauka cewa tunda an ce an haɗe yanki, to hanya a buɗe take har bakin teku, kuma haka za ta zauna. A gidanmu kaɗai akwai mutum uku da suka fita nema a zamani uku, kowanne ta hanya daban, kuma kowannensu hanyar a gabansa ta rufe. Wani abu da ban lura da shi ba sai daga baya: duk ƙasashen nan uku sun taɓa gwada tsarin gurguzu ko mai kama da shi, wato tsarin da gwamnati take riƙe bankuna da masana'antu da manyan kasuwanci a hannunta. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko Kakanmu, Allah ya jiƙansa. Shi Kumasi ya tafi, a farkon shekarun 1960. Kun san hanyar Gwanja tsohuwa ce a wajen Bahaushe. Tun kafin Bature, ayari yake tashi daga ƙasar Kano da jakuna da kanwa da tufafin saƙi, ya je Salaga ya ɗauko goro. Alhassan Ɗantata ma, mutumin Bebeji, da fataucin goro ya tashi. To Kaka wannan sawun ya bi, sai dai shi a mota. Ya sauka a zango wajen wani maigida, ya fara da dakon huhun goro, har ya kai ga rumfarsa. Lokacin Kwame Nkrumah ne yake mulki, mutumin da ya karkata ga gurguzu, yake kuma wa'azin Afirka ta zama ɗaya. Ba wanda ya tambayi Kaka takarda.

A 1966 sojoji suka kifar da Nkrumah. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta fitar da doka: duk baƙon da ba shi da takardar zama, an ba shi mako biyu ya bar Ghana. Mako biyu fa, jama'a! Mutumin da ya kusa shekara goma a gari. Kaka ya karyar da kayan rumfarsa, bashin da yake bin mutane ya bar musu, ya dawo Zoza da akwatin ƙarfe guda. Akwatin yana ɗakin Inna har yau, a ciki take ajiye zannuwanta. Abin da ya rufa masa asiri shi ne gonar ubansa tana nan, ba a sayar ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Irin wannan kora na cikin abin da aka ce ECOWAS za ta magance. An kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayu 1975. A 1979, a Dakar, shugabanni suka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ce ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar zai iya shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da katin rigakafi. Daga baya aka ƙara matakin izinin zama da na kafa sana'a. Magana mai daɗin ji. Amma shekara huɗu kacal bayan haka, a Janairun 1983, da farashin man fetur ya faɗi aljihu ya ƙone, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu, kimanin mutum miliyan biyu, wajen rabinsu 'yan Ghana. Jakar nan da muke kira Gana-masgo, daga nan ta samo sunanta. Kun ga ashe mu ma mun yi wa wasu abin da aka yi wa Kaka, kuma da yarjejeniyar a hannu.

Na biyu Baffanmu, ƙanin mahaifinmu. Shi Kwatano ya yi, kuma labarinsa ba ya fahimtuwa sai an san abin da ya faru a Jamhuriyar Benin. Mathieu Kereku ya karɓi mulki a 1972, a 1974 ya ce ƙasar ta rungumi gurguzu irin na Markis da Lenin, a 1975 ya sauya mata suna daga Dahomey zuwa Benin. Gwamnati ta karɓe bankuna da manyan kamfanoni. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 bankunan sun durƙushe, malaman makaranta da ma'aikata suka yi watanni ba albashi, aka shiga yajin aiki. A Disambar 1989 Kereku ya ajiye gurguzun, a Fabrairun 1990 aka yi babban taron ƙasa, a 1991 aka zaɓi Nicephore Soglo. Sai aka sakar wa 'yan kasuwa mara, tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta cika da kaya.

A daidai lokacin nan mu kuma a Najeriya shirin SAP na 1986 ya karya naira. Sabuwar Fijo da ake haɗawa a Kaduna ta fi ƙarfin ma'aikaci. Kowa ya koma neman tokumbo, tokumbo kuwa a Kwatano take sauka da sauƙi. Kun ga yadda abu biyu suka haɗu: can an buɗe kasuwa, nan an shiga matsi, ga yarjejeniyar ECOWAS ta ba direba damar ƙetarawa. Nan take hanya ta juya. Samarin da iyayensu suka san Kumasi, su Kwatano suka sani.

Baffa direba ne. Daga 1995 ya shiga ɗauko motoci. Wani lokacin su bi ta Paraku, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya a Nijar, su zagayo ta Maraɗi su shigo. Yana yawan cewa takardar ECOWAS tana hana a kore ka ne kawai, ba ta hana a tatse ka, don kowane shinge ka tsaya sai ka ba da na goro. Duk da haka ya samu. Da kuɗin Kwatano ya yi ginin siminti, ya sayi shanun huɗa da injin ban-ruwa. Ranar 1 ga Janairu 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Sana'ar shekara ashirin ta mutu da sanarwa biyu a rediyo. Baffa yanzu rake yake nomawa, yana kuma yin mazarƙwaila.

Na uku babban ɗan Baffa, wanda muke kira Yaya Babba. Shi ne ya yi Libiya, a 2007. Gaddafi yana da nasa salon gurguzun, gwamnati ce uwa ita ce uba, kuma aikin ƙarfi baƙi ne suke yi. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa masa takunkumi a 1992, ya ga Larabawa ba su tsaya masa yadda yake so ba, sai ya juyo ga Afirka. A 1998 aka kafa ƙungiyar CEN-SAD a Tarabulus, ya yi ta kiran 'yan Afirka su zo aiki. Yaya Babba ya yi birkila a Sabha, ya wuce Tarabulus. Shekara uku yana aiko da kuɗi, har aka yi masa aure yana can. Sai ga yaƙin 2011. Baƙar fata ya zama abin zargi, ana cewa sojan haya ne. Ya baro kuɗin aikin wata bakwai a hannun wanda yake yi wa gini, ya dawo da waya da riga ɗaya.

To ga abin da na tsaya na fayyace wa ƙanina, kuma nake so ku ma ku ji da kyau. Libiya ba ta cikin ECOWAS. Aljeriya ma haka. Ko a lokacin da komai yake lafiya, takardar nan iyakarta Nijar. Daga nan gaba kai baƙo ne marar izini, duk wanda ya kama ka yadda ya ga dama zai yi da kai.

Me ya sa samari suke ta cewa hanya ta buɗe? A Mayun 2015 Nijar ta yi dokar hana safarar baƙi, bisa matsin lamba da tallafin Tarayyar Turai. Daga 2016 aka fara kama direbobin Agadas ana ƙwace motoci. Tafiyar ba ta tsaya ba, sai dai direbobi suka koma bin hanyoyin da ba rijiya don kauce wa jami'ai, kuɗin mota ya hau, mutuwa a sahara ta ƙaru. A Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta Janar Tiani ta soke dokar, motoci suka koma fita a fili. Wannan ne labarin da ya iso majalisar samarin Zoza. Amma soke doka a Yamai bai gyara Sabha ba. Libiya har yanzu gwamnati biyu ce, ga ƙungiyoyi masu bindiga, ga gidajen da ake tsare mutum a kira iyayensa a waya suna jin kukansa har sai sun turo kuɗi. Kun tuna bidiyon da CNN ta fitar a 2017 na gwanjon mutane. Kuma kafin shi, a Oktoban 2013, an tsinci gawar mutum 92 a saharar arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, mafi yawa daga yankin Kance. Hausawa ne 'yan'uwanmu, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace.

Yanzu bari in ɗan fita da ku waje, don irin wannan sauyin hanya ya faru a Turai ma, kuma akwai abin koyo a ciki. Ƙasashen gabashin Turai sun yi shekara arba'in a ƙarƙashin gurguzu, fita ma sai da izini. A 1989 tsarin ya rushe. Ranar 1 ga Mayu 2004 ƙasashe goma suka shiga Tarayyar Turai, takwas daga cikinsu tsofaffin 'yan gurguzu, babbarsu Poland. Da can ɗan Poland in zai fita nema, Jamus ya fi sani, ko Amurka. Amma a 2004 Jamus ta ce a dakata mata, ba ta buɗe kasuwar aikinta ba sai 2011. Birtaniya da Ailan da Suwidin ne suka buɗe nan take. Sai hanya ta juya. Haifaffun Poland da ke Birtaniya kimanin dubu 60 ne a 2001, a ƙidayar 2011 sun haura dubu 500. Romaniya da Bulgeriya suka shiga a 2007, 'yan Romaniya suka kwarara Italiya da Sifaniya.

Kuɗi ya shigo gida, gaskiya ne, amma an biya farashi. Bulgeriya tana da mutum kusan miliyan 9 a 1989, a ƙidayar 2021 miliyan 6.5 suka rage, saboda ƙaura da ƙarancin haihuwa. Likitoci suka bar asibitocin Romaniya. Ƙauyuka suka zama na tsofaffi da jikoki. Wannan ai mun san shi. Ku zo ƙauyukanmu da rani ku ƙirga samari nawa ne a sahun masallaci.

Sannan ƙofar can ma ta rufe. A 2016 Birtaniya ta kaɗa ƙuri'ar fita daga Tarayyar, kuma yawan baƙi na cikin manyan abin da aka yi gardama a kai. Sai dai ga bambancin. Ɗan Poland da ya je Landan da haƙƙin aiki ya je, da albashi a rubuce, in an cuce shi akwai kotu. Da za a rufe ƙofar, an ba waɗanda ke ciki damar yin rajistar zama, ba a ce mako biyu ba. Kuma a shekarun da yake waje, an zuba kuɗin Tarayyar a titunan ƙasarsa, masana'antu suka buɗe, albashi ya tashi. Da yawa suka koma gida suka tarar da aiki. Yau Poland ce take karɓar baƙi, musamman 'yan Yukiren. Ashe ƙasar da take fitar da 'yan cirani tana iya zama mai karɓa, in gida ya gyaru.

Mu ma a ɗan ƙaramin ma'auninmu haka ne. Lokacin saran rake za ka ga 'yan'uwanmu daga Damagaram da Maraɗi sun zo ƙwadago yankinmu. Yaron Zoza yana mafarkin Sabha, wani kuma Zoza ce Sabharsa.

To ina muke yau? Ranar 26 ga Yuli 2023 aka yi juyin mulki a Nijar. ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris 2024. Gadar Malanbil da Baffa yake bi da motoci aka toshe ta, mutane suka koma ƙetare kogi a kwale-kwale. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancensu na AES, ranar 29 ga Janairu 2025 ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta koma ƙasashe 12 daga 15. Ɓangarorin biyu sun ce a ci gaba da zirga-zirga ba biza, alhamdulillahi. Amma ku lura, da yarjejeniya ce ta ɗaure kowa, yanzu kuwa alkawari ne da kowane ɓangare ya yi don kansa, kuma wanda ya yi alkawari shi ke da ikon janye shi. Wato ƙanina ya ce min "ai ECOWAS ce" a kan ƙasar da ta bar ECOWAS, zai bi ta cikinta zuwa ƙasar da ba ta taɓa shiga ba.

Ni ban ce kada a fita ba. Cin rani gadonmu ne, ginin Baffa ma da shi aka yi. Abin da na gaya masa shi ne, in za ka fita, ka san sunan takardar da ta ba ka izini, ka san inda ƙarfinta ya ƙare. Ka yi fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, ka yi katin allurar shawara. Ka san kwana 90 ne, in za ka wuce haka ka nemi izinin zama, don da wannan gurbin aka kori mutane a 1983. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka san wajen wa za ka sauka, mutumin da iyayenka suka san sunansa. Sannan kada ka sayar da abin da za ka dawo ka tarar. Kaka gona ya dawo ya tarar, Baffa fadama, Yaya Babba gidan ubansa. Duk ukun hanyarsu ta rufe ba da shawararsu ba, wani a ofis a Akara ko Abuja ya sa hannu, ko yaƙi ya tashi.

Da na gama, yaron nan ya dube ni ya ce, "Yaya, kai kana Kano kana ɗaukar albashi. Ka san nawa buhun taki yake? Ka san nawa nake zuba wa injin ban-ruwa tun da aka cire tallafin mai?" Wallahi na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Tun daga Mayun 2023 noman rani ya zama na mai ƙarfi. Acaɓar da samarinmu suke zuwa yi Legas ma an hana ta a manyan unguwanni tun 2022. Yaro bai ƙi gida don raini ba, lissafi ne ya ƙi fita. Kuma wannan shi ne ɓangaren da ba ni da amsarsa, don ba a hannuna yake ba. Poland ba wa'azi ne ya dawo da 'ya'yanta ba, aiki ne.

Washegari muka zauna da Inna da Baffa a zaure. Inna ba ta ce komai ba sai, "Ni dai kada a kira ni a waya in ji kukanka." Baffa ya kawo shawara: a ba da fadamar haya ta shekara ɗaya maimakon sayarwa, a jira a sare rake, a yi masa fasfo da kuɗin, shi kuma zai kira tsohon maigidansa a zangon Kwatano ya ji ko akwai wurin yaro a shago. In ya je bai yi ba, kuɗin mota ne kawai tsakaninsa da gida.

Bai amsa ba. Cewa ya yi zai yi shawara, kuma na san abokansa biyu sun riga sun biya dillali kafin alƙalami. Har na dawo Kano ba mu sake maganar ba. Shekaranjiya dai ya turo min saƙo a WhatsApp yana tambaya ko lambar NIN ɗinsa ta isa a fara cike takardar fasfo, ko sai da takardar haihuwa. Na ce ya haɗo duka biyun da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ya taho ranar Litinin mu je tare. Ko Kwatano zai yi da fasfon ko Agadas, Allah ne masani. Fadamar dai har yau ba a sa mata kuɗi ba.

Ku taya mu da addu'a. Wanda yake da ƙani ko aboki mai wannan niyya, ya zauna da shi ya tambaye shi ta ina zai bi, da wace takarda, wajen wa zai sauka. Allah ya tsare matafiyanmu, ya dawo mana da su lafiya, ya sa albarka a abin da suka samo.